Layin Toka a Bayan Aji

Wata rana aka kawo sabon wasa wata makarantar 'yan mata, sofbol. Ɗaya ta jefo ƙwallo ta ƙasan hannu, ɗaya ta buge shi da sanda.

Akwai wata yarinya, ba ta da surutu, amma ta iya jifa. Ba ni ba ce fa.

Ƙawarta kuma, mu ce mata Badi'a, kullum ƙwallonta sai ya kauce. Malama Laraba mai koya musu wasan ta faɗa har ta gaji, wai ba hannunta ba ne, ƙafarta ce. Da dunduniya take dira, gwiwa a sandare.

Sai yarinyar nan ta riƙa ɗebo toka a kicin ɗin makaranta, ta ja layi a bayan aji, tana nuna wa Badi'a.

Ga inda za ki taka. A kan layin, ki ɗan karkata ƙafar. Ki saki gwiwa kaɗan. Sake.

Ta yi mata daidai, ta yi mata irin kuskuren ma don ta gani. Kullum haka, har wata biyu.

Garin kwaikwayon kuskuren ne gwiwarta ta hagu ta fara ciwo. Badi'a kaɗai ta gaya wa, ta ce don Allah ta rufa mata asiri, mai jifa ɗaya za a tafi da ita gasar jiha.

Badi'a har rantsuwa ta yi.

Ranar zaɓe su biyu suka rage. Yarinyar ta jefa biyar, huɗu suka tafi daidai. Badi'a uku.

Malama ta ɗaga biro kenan za ta rubuta sunan yarinyar, sai Badi'a ta yi magana.

"Malama, ki ce ta ɗan tsuguna mu gani."

"Badi'a... garin koya miki fa na samo ciwon nan."

"To ni na ce ki koya min?"

Aka ce ta tsuguna. Ta kasa.

Badi'a aka tafi da ita. Da suka dawo kowa sai yabon takunta yake, Malama ma cewa take ƙanana su tsaya su kalli yadda take dira.

Jiya na bi ta bayan ajinmu. Ruwa ya wanke tokar, amma ramin da ƙafata ta yi yana nan.

Darasi: Ki nuna wa mutum inda zai sa ƙafarsa, amma kar ki nuna masa inda taki take ciwo.

Ku tura wa wasu. Amma don Allah ban da 'yan makarantarmu, wayar yayata ce, ba ta sani ba.