Tsawon Hannun Gola

Wata la'asar ce ta ranar Laraba, a kakar shekarar da na shiga aji biyar, Bello ɗan rugar Ardo ya ɗaga ƙwallo da ƙafar hagu a gonar Baffa Sule da ke gefen Darini. Har yau in na lumshe ido ina ganinta tana tahowa a hankali, ja, ta roba, rana a bayanta, kamar ba ta da niyyar saukowa. Ni ne a gola. Na yi tsalle iya ƙarfina, na ji iskarta ta shafi yatsuna, ta wuce ta faɗa cikin kalgo. Yaran ruga suka ɗau ihu wai ta shiga, ni kuwa na ce sama ce. Kafin a raba gardama shanu suka dawo daga kiwo suka cika filin, aka watse.

Golarmu kara biyu ne a kafe, babu sanda a sama. Dokar da muka tarar ita ce, tsawon gola shi ne tsawon hannun mai tsaronta. Duk abin da ya wuce inda zai iya kaiwa, sama ce. Shi ya sa yaran garinmu suka ba ni gola, don duk makarantarmu babu gajere kamata, Guntu ma ake ce mini. Sunan da ke sa ni dambe da safe shi ke sa a ɗaga ni a kafaɗa da yamma. Innata takan yi dariya ta ce, "Kowa da ranarsa, mai ido ɗaya ya leƙa buta."

Filin ma na aro ne. Da an gama girbi Baffa Sule kan aika wa Ardo ya kawo shanunsa su kwana a gonar, su ci kara su bar masa taki. Matan ruga su shigo gidajenmu da ƙwaryar nono su fita da gero, yaransu kuwa su zama namu har ƙarshen kaka. Sai na ɗebo ruwa, na zuba wa tumaki harawa, sannan in sulale ta bayan danga da ɗanyen rogo a aljihu, rabi nawa rabi na Bello. Muna gudu tushen kara na sukarmu, kashin shanu na zamar da mu, ba mai ji. Wasanmu kuma ba ya tashi, ɗagawa ake yi. Cin yau a kan na jiya ake ɗora shi, kowane ɓangare yana riƙe da lissafinsa a ka, shi ya sa mu ne a gaba a bakinmu, su ne a gaba a nasu. A kakar nan ce kaɗai aka yi sa'a baki ya zo ɗaya cewa kunnen doki ake, sai ga ƙwallon Bello.

Ba a sake haɗuwa a filin ba. Da safiyar Juma'a rugar ta tashi zuwa kudu neman ciyawa. Na bi su da ido daga kan tudu, Bello na bayan takarkari, ya waigo ya ƙwala mini, "Kaɗo, ta shiga!" Na ce, "Sama ce!" Kafin wata kaka Baffa Sule ya rasu, aka raba gonar, ni kuma karatu ya kai ni Katsina. Daga baya abin da ya sami yankinmu ya same shi. Ƙanena ya tafi gona bai dawo ba. Na ji labarin an kore garken su Bello a yini guda. Mutanen da suka sha fura a ƙwarya ɗaya suka koma kallon juna da wutsiyar ido, ni ma har da ni.

Yanzu ɗana Abba ne ke kai ni gidan kallon ƙwallo, kuma wallahi yaran nan suna ba ni mamaki. Ido a waya, wasa na wucewa. Wane ya fi riƙe ƙwallo, wane ya fi kai hari, wane ya yi gudun kaza. Har layi ake ja a allo a nuna maka ko ta shiga. Gardama ba ta kwana, sai wani ya zaro alƙaluma ya kashe bakin kowa. Ba na raina abin, yana da amfani. Amma da na ba Abba labarin Bello, cewa ya yi, "Baba, ƙwallo nawa ya ci?" Na ce ban sani ba. Ya ce to ai ba ɗan wasa ba ne. Ranar nan ya ɓata mini rai.

Bara na je kasuwar Batsari sayen rago, sai na hango Bello a kara, ya rame, furfura ta cika gemu, akuya ɗaya ce a hannunsa. Ban san ko zai amsa sallamata ba, ban ma san ko ina son yi ba. Muka dai gaisa, gaisuwar mutanen da ke tsoron juna, ya gida, ya iyali, ya haƙuri. Ya dube ni tun daga ƙasa har sama, don Allah ya ba ni tsawo bayan mun rabu, ya ce, "Guntu, ɗaga hannunka mu gani." Na ɗaga. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ka gani. Ta shiga." Na ce, "Kai Bello, da hannun wancan lokaci ake awo." Muka yi ta dariya riƙe da hannun juna har hawaye ya zo, kuma ba duka ne na dariya ba.

Gonar Baffa Sule yau ba mai zuwa cikinta sai ciyawa, babu shanu, babu yara. Abba ya ce da a ce akwai na'ura a lokacin, da tuni an san gaskiya. Haka ne. Ni dai ba na so a sani. Muddin ba a raba gardamar nan ba, wasanmu da Bello bai tashi ba.