Sai Bango Ya Gama Zama

Shekara talatin Malam Mai Awo ya yi a ɗakin gwajin kayan gini, aikinsa matse bulo. Zai jera bulo biyar da kwaɓin siminti a tsakani, ya bari su bushe, ya tura su ƙarƙashin inji, ya manna agogon awo. Inji na dannawa, shi yana rubuta yadda suke lotsawa har su fashe. Ya san bulo taurin kai gare shi, kwaɓin ne ke fara ba da kai. A gaskiya mutumin ya iya aikinsa, kuma iyawar ce ta zame wa iyalinsa jarrabawa.

Ginin gidansa na kansa ya shekara ashirin bai wuce tsayin taga ba. Duk bulon da aka sauke sai ya ɗebi masu kyau ya kai wa inji. Sakamako ya yi kyau, ya ce waɗanda aka gwada ai sun farfashe, sauran kuma wa ya san cikinsu? Matarsa kuwa tana hawa na uku a gidan haya, gwiwoyi sun gaji.

"Malam, ni dai in kwana a ɗakina ko sau ɗaya," in ji ta.

"Kina so ya rufto miki?"

Da ya tafi kwas na wata huɗu, ta haɗa baki da babban ɗansu, suka kira magini ya kai ginin har rufi. Malam ya dawo, ya tambayi maginin ma'aunin kwaɓinsa. Magini ya ce da ido yake yi. Saura kaɗan Malam ya faɗi.

Ya manna agogon awo a bangon falo, ya kafa doka: ba mai tarewa sai shekara ta cika, bango ya gama zama ƙarƙashin nauyin rufi. Kullum da safe ya zo ya duba allura ya rubuta. Ita kuma ta ɗinka labule ta ninke, tana jira.

A wata na goma sha ɗaya da kafa dokar ta rasu. Masu gaisuwa ba za su iya hawa bene ba, dole aka buɗe sabon gidan aka shimfiɗa tabarmi. Malam yana zaune a falo, hawaye na zuba, ana yi masa ta'aziyya, sai idonsa ya kai kan agogon. Allurar tana nan inda take tun wata na biyu, bango ya daɗe da gama zama. Abin da ya fi ci masa rai, duk wannan yana rubuce a littafinsa, da hannunsa.