Kamarar da Baba ya yi wa Faransanci

Shekarun baya, lokacin da haukan fim ya kama ni, ba ni da zance sai na kamara. Ko tuwo nake ci, tunanina yana kan wace iri zan saya. Fim ɗin ma ba wani babba ba ne, mahaifina nake so in ɗauka yana zancen albasa. Mutum ne da zai ɗaga albasa guda, ya murza ɓawonta kusa da kunne, ya gaya maka ko za ta kai damina ko za ta ruɓe a buhu. In yana bayani, har 'yan dako tsayawa suke su saurara. To, a lokacin muryarsa ta fara dishewa. Likita ya ce sai an yi masa aiki a maƙogwaro a Parakou, kuma bai ɓoye mana ba, ya ce ba lalle muryar ta dawo ba. Kwana goma sha biyu suka rage.

Akwai wani Alhaji ɗan Kabi mai kawo kayan lantarki kasuwar Malanville, yana da kamara biyu 'yan gwanjo. Ɗaya ƙatuwa ce, ta saɓawa a kafaɗa, da abin ɗora ta mai ƙafa uku. Ɗayar kuwa ba ta wuce sabulun wanki ba. Abokina da ya raka ni ya ce in ɗauki ƙaramar. Na ce, "Haba! In shiga gari da wannan a ce ni ɗan fim ne? Ai sai a zaci bikin suna na zo ɗauka." Alhaji ya yi dariya, ya ce in tafi da su duka in gwada, in dawo masa da wadda ban so.

Muka hau mashin sai Garou, inda gonarmu take. Ina kafa ƙatuwar a ƙofar rumfa, Baba ya dube ta, ya shige ɗaki. Sai ga shi da babbar riga da hula, ya zauna ƙyam kamar za a yi masa hoton katin ɗan ƙasa. Na danna, na ce, "Baba, yaya ake gane albasa mai daɗewa?"

Ya yi gyaran murya, ya ƙura wa gilashin ido, ya ce, "Banjur, shef."

Wallahi na zaci wasa yake. Ashe da gaske ne. Ya ci gaba da zuba Faransancin da ya tsinta a shingen 'yan kwastan da jandarma, "Zanyo bon, shef, tare bon," wato wai albasa na da kyau, yallaɓai, ƙwarai kuwa. Abokina ya koma bayan rumfa yana dariya har da hawaye.

Ni kuwa mamaki ya fi ƙarfin haushina. Me yake gani a cikin kamarar nan? Na juya ta kan maƙwabcinmu, mutumin da ba ya buɗe baki sai da yarensu na Dandanci da barkwanci. Nan take ya miƙe tsaye, ya harɗe hannu a baya, ya fara jero ƙorafin hanya da na famfo. Kwana uku ina wannan gwajin kamar mai bincike, na manta kwanakin Baba ne nake ci.

Da na gaji na tambaye shi. Ya ce, "Wanga abu ba shi aka kawowa in minista ya zo ba? Kwatano yaka kai magana. Mutanen Kwatano mi suka sani ga Hausa?" Na rantse masa ni kaɗai ne a bayanta. Ya gyaɗa kai. Washegari ina dannawa, "Banjur, shef."

Rana ta huɗu batir ɗin ƙatuwar ya mutu, ga shi babu wuta a gona. Baba na tsugune da tsohuwar taguwarsa yana tsintar albasa yana zubawa a buhu. Cikin takaici na zaro ƙaramar daga aljihu, na ce, "Baba, zan ɗauka da wagga."

Ya waiwayo, ya taɓe baki. "Wagga 'yar sabulun? Ɗauki mana. Wa za ta gaya ma?"

Sai ya ɗaga albasa ya murza a kunne, zance ya ɓalle. Ya yi bayanin ɓawo da wuya da wari, ya tsokani mutanen garin Guéné, ya ba da labarin shekarar da kogi ya cinye masa gona. A ƙarshe ya daka min tsawa, "Kai, malalacin banza, aje abin ga ka zo ka kama mini bakin buhu!"

Na mayar wa Alhaji ƙatuwarsa. Abokina har gobe "shef" yake kira na.

An yi aikin, Allah ya ba Baba lafiya, ya ƙara shekara shida a duniya, amma muryar ba ta dawo ba sai raɗa. Yakan yi min alama in kunna masa fim ɗin. In an zo wurin tsawar, sai ya nuna ni da yatsa, kafaɗunsa na rawa da dariyar da ba a ji.

Yanzu in masu tasowa suka tambaye ni wace kamara za su saya, nakan fara tambayarsu wa zai zauna a gabanta. Har yau abin yana ci min rai, don girman kaina ya kusa sa in rasa muryar mahaifina. Kuma duk ranar da na kunna fim ɗin aka zo wurin nan, sai in ga na aje abin da ke hannuna.