Mai Guduma a Bakin Taga

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin jirgin ƙasa tarago-tarago da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfe yana kasa kunne. Lafiyayyar ƙafa amo take yi tar, wadda ta tsage kuwa sai ta amsa a dakushe. Shi ya sa 'yan tasha ke ce masa Mai Guduma. Aikin ya bi shi har gida: ko sannu ka yi masa, sai ya juya ta ya ji ko da tsaga a ciki.

Yanzu idanu sun tafi, kunne ne ya rage. Ranar da autarsa ta ce za ta kai shi babban asibitin ido na birni, ya ji muryar ta cika santsi. Tun bara yayanta ke nacin a saki gidan hayar da tsohon ya shekara arba'in a ciki, ya koma wurinsa, shi kuwa ya rantse sai dai a fitar da gawarsa. Kuma wane asibiti ake zuwa da akwati uku? Da kunnensa ya ji 'yan dako suna nishi.

Da suka shiga jirgi, ta zaunar da shi bakin taga. Hanyar birni ya san ta kamar yunwar cikinsa: daga mararraba sai gadar ƙarfe, sai tsaunuka, sai gonakin rake. A mararrabar ya ji jirgi ya karkata hagu, rana ta koma ɗaya kumatun. Ba nan hanyar birni ke bi ba, amma ya ce wa kansa wataƙila tsufa ne.

"Auta, me kike gani?"

"Gonaki ne, Baba. Ga shanu can a bakin wani tafki."

"Mun wuce gadar ƙarfe?"

"Tun ɗazu, kana gyangyaɗi."

Shi da ko hamma bai yi ba! Gadar da in jirgi ya hau ta har haƙoran mutum sai sun kaɗa. Ya gyara zama, ya saki murya kamar mai hira.

"To yanzu za ki ga wani farin dutse a dama, da rijiya a gindinsa."

"Ga shi kuwa, Baba! Har da mata suna jan ruwa."

Babu wannan dutse a ko'ina. A nan kan kujera ya ƙirƙiro shi.

Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya buɗe baki zai zazzage mata, sai ya ji numfashinta na sarƙewa, irin na mai kuka a ɓoye don kada fasinjoji su gani.

"Kin mayar wa mai gidan makulli?"

"Da safen nan. Baba, sau biyu ina samunka a ƙasa a tsakar gida. Da na gaya maka, da ba ka taso ba."

Da bai taso ba ɗin, ya sani. Ya tuna ko bangon ɗakinsa bai shafa ba da zai fito, don ya ɗauka jibi zai dawo.

"Share fuskarki," ya ce. "Wannan hanyar ban taɓa bin ta ba. Faɗa mini abin da ke waje, amma na gaskiya."

Ta ja hanci, ta duba. "Ciyawa ce kawai, Baba, sai turakun waya."

"To. In wani abu ya fito, ki gaya mini."