Ranar da Na Yanke wa Hajara Data

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da kuɗin makaranta, ranar da har gobe ba ta fita raina ba ita ce wata Alhamis, ranar walimar ban kwana da tsohon shugabanmu, Alhaji Sani. Ku da kuka kama aiki kwanan nan, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku da ƙarin gishiri.

Lokacin ina ma'aji a wata sakandare a bayan garin Daura, ina mataki na tara na albashi. Tsarin aikin shi ne, duk wanda zai taɓa kuɗin makaranta, ko alli zai saya, sai ya rubuta buƙata, shugaba ya sa hannu, sannan ta zo teburina in duba ko kasafi zai ɗauka. Ni kuwa na yi suna wajen soke abu, har malamai suka laƙaba mini Jan Biro. Ina jin daɗin sunan ma.

Shekarar da aka cire tallafin mai, albashi ya daina kai mu tsakiyar wata. Sai na ce bari in kai gwanintar ofis gida. Na bi saƙonnin banki da na waya, ina duba abin da ake zare mini duk wata ba sallama. Ga kuɗin dikoda. Ga wata waƙar soyayya da masu kirana suke ji, ni ban taɓa jin ta ba. Ashe na daɗe ina biya wa surukina kiɗa. Ga datar wayata da ta matata Hajara, duka suna sabunta kansu daga asusuna. Na soke waƙa, na soke dikoda, na soke datar Hajara. Tawa na bar ta, don ai ni ma'aikaci ne.

Hajara girkin suna da na biki take yi wa mutane. Amma a lissafina, datarta hirar dangi ce kawai. Ban gaya mata ba. A ɗakin malamai kuwa na yi ta wa'azi, ina cewa gidan da ba a bin diddigin irin waɗannan kuɗi tulu ne mai yoyo.

Dama tun da na soke dikoda talabijin ya mutu, gida ya yi tsami, daga gaisuwa sai "ga abincinka". Ranar Talata Hajara ta ce mini, "Baban Ummi, datata ta tsaya, ba ta sabunta ba."

Na kau da kai na ce, "Matsalar sabis ce. Zai dawo."

Ita aka ba aikin abincin walimar, wadda aka sa ranar Asabar. Ranar Laraba mataimakin shugaba, Malam Lawal, ya leƙo ofishina ya ce an dawo da ita gobe Alhamis, domin ranar ce kaɗai jami'in ilimi na shiyya zai samu zuwa. "Na tura wa maiɗakinka saƙon murya," in ji shi. Na ce madalla. Wallahi ko kaɗan kaina bai haɗa zancen nan da abin da na aikata ba. Da na koma gida ban tayar da maganar ba. Da safe ban ga hayaƙi ba, na ɗauka a gidan yayarta take girkin, kamar yadda takan yi in aikin da yawa.

Bayan azahar baƙi suka cika ɗakin taro, har daga Zango da Mashi. Malam Lawal ya kira Hajara ya sa a amsa-kuwwa, ina tsaye a gefensa.

"Hajiya, kun taso kuwa?"

"Mu taso ina, Malam? Ba jibi ba ne?"

"Ba ki ga saƙona ba?"

"Ina zan gani? Tun shekaranjiya ba ni da data. Baban Ummi ya ce sabis ne."

Malam Lawal ya dubi wayarsa, ya dubi tawa da ke ta ƙarar shigowar saƙonni, sannan ya dube ni. Na hau babur sai gida.

A tsakar gida na faɗi gaskiya, hulata a hannu. Hajara ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Je ka kasuwa. Kaji gyararru, taliya, mai, ƙanƙara. Kada ka tsaya ciniki." Ni da nake mayar da malami saboda kuɗin tsintsiya, ranar duk abin da aka faɗa biya nake. Ta tara maƙwabta, aka hura murhu uku. A makaranta kuwa aka miƙa wa malamin tarihi lasifika, ya faro daga ranar da aka aza harsashin ginin makarantar.

Sai bayan la'asar abinci ya isa, taliya maimakon shinkafa. Jami'in shiyya ya riga ya tafi da ruwan leda a cikinsa. Alhaji Sani ya ci, ya wanke hannu, ya ce mini, "Ma'aji, yau biron ya soke mai shi."

Abin da ya fi ci mini rai bai zo ba sai da na mayar mata da datar. Saƙonni suka yi ta zubowa, ciki har da na wata mata da ta daɗe tana ba ta aiki. Ta nemi abincin suna, ta ji shiru, ta kai wa wata. Ba ta sake dawowa ba.

Ban ce kada ku bi diddigin abin da ake cire muku ba. Waƙar nan dai ta tafi, ba wanda ya yi makokinta. Amma a aikinmu adadi kawai muke gani a takarda, ba ma ganin tukunyar da ke kansa. Tun daga ranar, kafin in soke buƙatar kowa, sai na taka na tambaye shi me za ta yi masa.

Hajara kuwa ta mayar da datarta kan asusunta. Ta ce makaranta ma haƙuri take yi da ni.