Jirgin da ke Bangon Zaurenmu

Ni karatuna na lakwal bai yi nisa ba. Na fita tun ban iya wasiƙa da Faransanci ba, na kama mota, kuma ga shi furfura ta same ni a hanyar Ƙonni zuwa Badagishiri. Saboda haka in masu ilimi suna gardama ko ya dace gwamnati ta ɗaga kamfanin jirgin sama da ya durƙushe, ba ni da bakin ja da su. Abin da na sani shi ne akwai jirgi guda a bangon zauren gidanmu, can wani ƙauye kusa da Dogarawa.

A shekarun da aikin hajji yake faɗowa cikin damina ne Baba ya ɗaura niyya. Manomi ne, hatsi da wake, da rani kuma albasa a fadama. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya haɗa da abin da albasa ta tara masa, ya kama kujera a wani ƙaramin kamfanin jirgi da ke yawo tsakanin garuruwan yankinmu, wanda a shekarar aka ba shi ɗaukar wasu alhazai. 'Yan kasuwar Ƙonni sun ba shi shawara ya ƙetare iyaka ya tashi ta Sakkwato. Ya ce, "Muna da namu, in tafi aron na maƙwabta?"

Ya bi gari gida gida yana neman gafara, kamar yadda mai tafiya Makka ke yi. Har mutumin da suka daɗe ba sa ga maciji saboda iyakar gona, Baba ya je ya durƙusa masa a zaure. Ya yi wasiyya. Aka raka shi har bakin kwalta, wannan na cewa a sa shi a addu'a, waccan na roƙon zamzam ko cikin murfin buta ne. Ni na kai shi tashar Ƙonni, na sa shi motar Yamai da akwatinsa na ƙarfe.

A wajenmu, in mutum ya tafi hajji, ana gyara masa ƙofar gida kafin ya dawo. A yaɓe, a shafe, mai hali ya sa a zana jirgi, don duk wanda ya wuce ya san gidan nan an je. Ba a taɓa bangon sai an tabbata mutum ya tashi. Mu kuwa waya ba mu da ita. Direbobin Yamai ne suka zo tasha suka ce sansanin alhazai ya watse, ba kowa sai tabarmi. To, me muke jira?

Na ce ba zan yi wa tsohona yaɓen ƙasa cikin damina ba, ruwa ya wanke. Na tsaya Malbaza na sayi siminti. Na ɗauko mai rubutu a jikin manyan motoci tun daga Ƙonni, ya zana jirgi da fenti shuɗi, hancinsa na kallon gabas, da tagogi a jere. A taga ɗaya ya sa kan mutum da hula.

Inna ta leƙo ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanga jirgi ne ko kifin rajiya? Ga gashin baki ma."

Mai zane ya ce, "Inna, fukafukai ne. Kin taɓa ganin jirgi kusa?"

"Kai ka taɓa?"

Aka kwashe da dariya, har da Inna. Ban sake jin Inna ta yi irin wannan dariyar ba.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki na dawo daga aiki da la'asar, na iske mutum zaune bisa akwati a ƙofar ɗakin da nake haya a Ƙonni. Sai da na matsa na gane Baba ne. Ya rame, rawaninsa ya yi dauɗa.

"Baba! Har kun komo? Ba mu ji saukar jirgi ba."

Ya ce, "Ban tafi ba."

Na shigar da shi, na ba shi ruwa, sannan ya gaya mini. Jirgin ya kwashi sahun farko, bai dawo ba. Wasu suka ce injinsa ne, wasu suka ce an riƙe shi a wata ƙasa. Kullum su je buro, ofishin kamfanin, a ce musu gobe. Masu dangi a manyan wurare aka cusa su a wasu jirage. Su tsofaffin ƙauye suna nan har aka rufe shiga ƙasa mai tsarki, aka ce su kwashe tabarminsu. Ya yi Sallarsa a wani masallaci kusa da filin jirgi, don kunyar komawa gida. An dai yi musu alkawari kujerarsu tana nan baɗi, in gwamnati ta tallafi kamfanin.

Ya buɗe akwati ya nuna mini haramin, fari fat, ko ninkin bai warware ba.

Washegari na ɗauke shi. Tun daga Ƙonni nake juya maganar bango a bakina, ta ƙi fita. Muna sauka daga kwalta yara suka gane motar, suka ruga gari suna ihu Alhaji ya komo. Kafin in tsaya mata sun fara guɗa.

Baba ya fito ya ɗaga hannu. "Ku bar guɗa. Ban ga Ka'aba ba."

Sai ya juya ya ga zauren. Ya taka a hankali har gaban jirgin, ya tsaya daidai tagar nan mai hula.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ne.

"Ya yi kyau," in ji shi. "A bar shi. Baɗi ba sai an sake ba."

Tun daga ranar Baba ya zama mutumin rediyo, shi da dā ba ya kunna ta sai don tafsiri. Duk sanda na zo gida, kafin gaisuwa ta ƙare zai ce, "Kai da ke yawo, mi aka ce? Gwamnati za ta kama ma su?"

A tasha kuwa maganar ta zama abin shan shayi. Akwai wani tsohon mushe, malamin lakwal da ya yi ritaya, kullum da jarida a hammata. Shi cewa yake ƙasar da ba ta da jirgi kamar gida ne ba jaki, ko gawa za ka kai sai ka roƙi maƙwabci. Mai shayi ya ce masa, "Mushe, kai da albashinka ke makara, har kana ba da shawarar inda za a zuba kuɗi?" Wani direba ya ce rumbun da gara ta ci gindinsa, ko ka juye masa hatsin ƙasar Adar duka ba ya cika. Suka juyo kaina.

Da a ce dā ne, da na ce a bar kamfanin ya mutu. Motata in ta lalace a daji, wace gwamnati ke zuwa ta tura? Jandarma ne kaɗai ke zuwa, shi ma ba turi ya kawo shi ba. Kuma na san waɗanda suka cinye kamfanin ba su taɓa kwana bisa tabarma a filin jirgi ba. Amma kujerar tsohona tana cikin rumbun nan mai gara. Na ce su sha shayinsu su ƙyale ni.

Baɗi ta zo, aka ce ana nazari. Wata baɗin ta zo, aka ce masu ba ƙasa rance sun hana. Shanun huɗa dai ba su dawo ba, Baba ya koma hauya da ƙarfin da ba shi da shi. Gari kuwa suka laƙaba masa Alhaji, wasu don tausayi, wasu don baki. Baƙo in ya zo ya ga bango, sai ya rusuna ya ce, "Sannu Alhaji." Ko sau ɗaya Baba bai bari ta wuce ba. Zai ce, "Ban tafi ba, ɗana. Niyya dai na yi." Ka yi tunanin dattijo yana faɗin wannan a ƙofar gidansa shekara da shekaru.

Ran da rediyo ta ce an rufe kamfanin ina gida. Da hantsi ne, muna zaune a inuwar zauren. Ya saurara har ƙarshe, ya kashe, ya ce, "Ɗaura amalanke, ka samo mini ƙasa."

Na ce ya bari in kawo guduma in farfashe simintin.

"Siminti bai yi laifi ba."

Shi ya kwaɓa da ƙafarsa, shi ya yaɓa da hannunsa, ya hana kowa taɓawa. Ya fara daga wutsiya. Tagar mai hula ita ya rufe daga ƙarshe. Bai kai wata damina ba. Da haramin nan aka yi masa likkafani, haka ya bar wasiyya.

Ni ban san ko da gwamnati ta zuba kuɗi jirgin zai tashi ba. Wataƙila da an sake cinyewa. Masu karatu su je su ƙarata. Amma ƙasa ba ta kama siminti. Duk damina, ruwan farko mai ƙarfi sai ya zame yaɓen Baba, shuɗin fiffike ya leƙo. Inna takan aiko a gaya mini a tasha, sai in ajiye lodi, in tafi in kwaɓa ƙasa.