Mai Auna Zazzaɓin Babur

Malamin makarantar yana zaune a benci, kwalin sabuwar na'urar sanyaya baƙin man babur ɗinsa a cinyarsa, yana kallon bakaniken da aka kwatanta masa. Sau biyu zafin injin yana ƙona masa ƙwauri, jiya kuma babur ɗin ya mutu a hanya, matarsa mai tsohon ciki tana baya.

Dattijon gajere ne, gemunsa fari fat, bayan hannunsa duk tabon ƙuna. A ganin malamin, hannun nan ya shekara arba'in yana gaisawa da salansa, kuma da sukudireban nan mai fasasshen mariƙi ya aurar da 'ya'yansa kaf. Ba ya gaggawa. Yana kara bayan hannu kusa da injin kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta, sannan ya kwance fulogi ya ɗaga shi a rana.

"Ka ga ya yi fari? Wa ya matse maka kabureta?"

"Ni ne, Baba. Don kada ya sha fetur da yawa."

"Ka hana shi sha, kuma kana mamakin ya ɗau zafi?"

Ya mayar da fulogin, ya tayar da injin, yana murɗa sukurun kaɗan-kaɗan yana kasa kunne, har ƙarar ta kwanta. Sai ya karɓi kwalin, ya jujjuya shi, ya miƙa wa malamin abinsa.

"Kayan kirki ne, in kana so zan ɗaura. Amma mai yunwa, ɗana, ba fifita ake masa ba. Abinci ake ba shi."